Ƙashin da ke ɗakin kakata: haƙarƙarin dodon ruwa ne ko kuwa?

Bashar, Ngaski: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina roƙon a karanta maganata har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Tun muna yara ake hana mu wanka a wasu wurare a bakin Kwara, a ce akwai dodon ruwa. Da muka shiga makaranta aka ce mana tatsuniya ce, muka yarda. To jiya na ci karo da bayanin wata dabba da aka tono ƙasusuwanta nan kusa da mu, a ƙasar Goronyo ta jihar Sakkwato, har sunan garin aka laƙaba mata, Goronyosaurus. Dabbar ruwa ce, dogon baki irin na kada, ƙafafunta kamar filafilin tuƙa jirgi. Da na ga zanenta tsigar jikina ta tashi, don yadda kakata ke siffanta dodo ke nan. Abin da na tsaya a kai shi ne, dodon ruwa ba tatsuniya ba ne, wannan dabbar ce, kuma ba ta ƙare duka ba, ragowarta na nan a zurfafan gurabun Kwara. Ba da baki kawai na zo ba. A ɗakin kakata akwai wani ƙashi da ta gada wajen mahaifinta, haƙarƙarin dodo ake ce masa a gidanmu. Lanƙwasasshe ne, ya kai kamu guda, nauyinsa kamar dutse, kuma gefen da ya ɓalle babu rami, babu wurin ɓargo ko kaɗan. Na ɗauki hotonsa, ga shi na sa. Wace dabba ce cikin waɗanda muka sani ƙashinta ba shi da ɓargo?

Aminu, Zuru: Wa alaikumus salam. Ai ni ma na taɓa jin cewa Turawa da kansu sun yarda an yi dodo, ƙarewa ya yi. In har sun yarda ya taɓa wanzuwa, ina gardama ta rage?

Malama Hadiza, Birnin Kebbi: Aminu, wancan daban ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tsuntsu ne da ba ya tashi, dangin tattabara, a tsibirin Morishus cikin tekun Indiya. Matuƙan jiragen Holan sun sauka tsibirin a 1598, ganin ƙarshe da aka amince da shi kuwa a 1662 ne. Farauta da aladu da ɓerayen da jirage suka kawo su suka gama da shi. Mu ajiye shi gefe.

Bashar ƙanena, dabbar da ka ambata gaskiya ce, kuma na ji daɗi da ka kawo ta, don ɗalibaina da yawa sun san sunayen dabbobin Amurka da suka ƙare amma ba su san an tono irin wannan a maƙwabtanmu ba. Wani masani Bature mai suna Swinton ya fara bayyana ƙasusuwan a 1930, sannan masana daga Italiya suka sami ƙarin wasu suka raɗa mata wannan suna a 1972. Danginta na kusa a yau su ne damo da guza da macizai. Amma ga inda zan rabu da kai: dabbar teku ce, ta ruwan gishiri, kuma ita da duk ire-irenta na teku sun ɓace shekara miliyan 66 da suka wuce. Mutum irinmu kuwa, tsofaffin ƙasusuwansa da aka samu ba su wuce shekara 300,000 da ɗoriya ba. Babu kakan da ya taɓa haɗa ido da ita.

Kabiru mai burtsatse, Gwandu: Bari in sa baki, don wannan fagena ne, ilimin duwatsu na karanta kuma haƙar rijiyar burtsatse nake ci da ita. Malama ta ce dabbar teku ce, wani zai ce ina teku ina Goronyo? To a wancan zamanin wani reshen teku ne ya ratso inda Sahara take yanzu, ya malalo har ƙasar Sakkwato. Shaidarsa na nan ƙarƙashin ƙafarmu. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, ku ɗauki gutsurensa ku duba da kyau, za ku ga ɓawon ƙananan halittun teku a daskare a ciki. Wajen Dange ana tsintar haƙoran kifayen teku a cikin laka. Ita dabbar Bashar daga shimfiɗar da muke kira ta Dukamaje ta fito, tare da wani kada da aka sa wa Sokotosuchus. In muna haƙa a wajen Gwandu ko Birnin Kebbi, yashi da laka muke fara ratsawa, su ne suka zauna a kan waɗancan shimfiɗun bayan teku ya janye.

Abin da nake so Bashar ya lura da shi: tekun nan ya tafi. Kwara kogi ne na ruwan daɗi, ba ragowar wancan tekun ba ne. Sannan ƙasar wajen Birnin Yauri, inda ake haƙar zinariya, tsohon dutse ne ƙwarai wanda ya girmi duk waɗannan dabbobi, ba a samun irin ƙasusuwan a cikinsa. Don haka ni tun kafin in kalli hoton ban sa ran daga Goronyo ƙashin nan ya samo dangi ba.

Bashar, Ngaski: Yaya Kabiru na ji, amma "ta ƙare" ɗin nan ai masana sun taɓa faɗa suka ji kunya. Akwai kifin da ake kira silakant. Sun ce ya ɓace tare da su Goronyosaurus, shekara miliyan 66 ɗin nan dai da Malama ta faɗa. Kwatsam a 1938 sai ga shi a komar masunta a gaɓar Afirka ta Kudu, da ransa. In wancan ya ɓuya tsawon wannan lokaci, me zai hana wannan? Ruwa ba ya tsami banza. Gari nawa ne a bakin Kwara, daga Illo har Warra, kowa da labarin dodo? Duk haɗa baki suka yi?

Malama Hadiza, Birnin Kebbi: Labarin silakant gaskiya ne, kuma hujja ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma dubi inda yake zaune: cikin kogon dutse a ƙarƙashin teku, zurfin da ya haura mita 100, kuma kifi ne, ba ya bukatar fitowa shan iska. Ita taka dabbar da huhu take numfashi kamar guza. Dole ta riƙa ɗago kai sama a kai a kai, dare da rana. Kuma dabba ɗaya ba ta rayuwa shekara miliyan, sai dai zuriya, garke guda masu haihuwa suna mutuwa. Ina gawarsu? Ina 'ya'yansu da taru zai riƙa kamowa? Kogin da kowace safiya ɗaruruwan jirage ke kansa, ga mamari, ga taru, ga birgi, ba wurin ɓuyan irin wannan ba ne. Tafkin Kainji da kake gani da zurfi kuwa jiya-jiya aka yi shi, a 1968 aka tare ruwan. Kafin nan gonaki ne da ƙauyuka da tsibirai, mutane sama da 40,000 aka tayar.

In tsohuwar halitta mai rai kake nema, ga gaiwa nan a fadamunmu. Zuriyar kifaye masu huhu ta kai shekara miliyan 400, ta girmi Goronyosaurus nesa ba kusa ba. Ruwa ya ƙafe ta shige laka ta naɗe kanta, ta yi rani tana shan iska, tana rayuwa da naman jikinta har damina ta sauka. Abin da tsofaffi ke faɗi cewa gaiwa jikinta take ci, kimiyya ta same shi haka.

Nura, Yauri: Salamu alaikum. Na nuna wa Baba hoton. Kun san shi Basarke ne, wato masunci na gado, a ruwa aka haife shi, ya haura shekara 70. Ba ya rubutu a waya, don haka yana faɗa ina rubutawa yadda ya faɗa, ban gyara ba.

"Ka ce ma yaron ga ina gaishe shi da kakarshi. Wanga ƙashi na san shi kamar yadda na san tahin hannuna. Haƙarƙarin ayu na. Ba na dorina ba na, ba na kada ba na. Ayu kaɗai ka da ƙashi hakanga, tauri kamar haure, ba ɓargo, in ka jefa shi ruwa ba shi tsayawa sai ƙasa. Ubana da zago shika kashe ayu, tun kahin a tare ruwa. Ina yaro ni ka riƙe mai jirgi. Bayan an raba nama, haƙarƙarin ba a yasuwa, masu magani na bidarshi, wasu su aje cikin ɗaki. Ka tambayi tsohuwa, ko ubanta Basarke na ko shina da aboki Basarke."

Bashar, Ngaski: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mahaifin kakata ba masunci ba ne, amma fataucin busasshen kifi ya yi, wannan kam na sani. Sai dai Baba ya yi mini haƙuri, ƙashin da ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse shi ma ai ba ya da rami, kuma yana da nauyi. Ta hoto kaɗai za a rarrabe?

Malama Hadiza, Birnin Kebbi: Baba ya riga ni, kuma ya fi ni sanin abin, don ni a littafi na gani shi kuwa ya riƙe da hannunsa. Abin da zan ƙara shi ne dalili. Ayu dabbar ruwa ce mai shayarwa, ciyawa yake ci a ruwa marar zurfi, ga huhu dogo cike da iska, ga kitse, ga ciki mai tara iska saboda ciyawar. Duk waɗannan sama suke tura shi. Sai Allah ya yi masa haƙarƙari a cike, masu kauri da nauyi, su riƙe shi a ƙasa ya yi kiwonsa ba wahala, kamar yadda masunci ke ɗaura wa taru dalma. Wannan siffa sananniya ce ga ayu da danginsa har masana na gane ƙashinsu da ita ko gutsure suka tsinta.

Kabiru mai burtsatse, Gwandu: Tambayar Bashar tana kan hanya, ga amsarta. Ƙashin da ya zama dutse, ma'adinai ne suka shiga suka cike ƙofofinsa, amma in ka kalli inda ya karye za ka ga zanen saƙar cikin tana nan kamar soso, launinsa kuma ya koma na ƙasar da ya kwanta a ciki, sau da yawa da ɓarɓashin dutse manne da shi. Na hotonka fari ne mai ɗan rawaya, sumul, yana sheƙi inda hannu ya daɗe yana shafa. Ƙashi ne, bai zama dutse ba. Kuma ka lura, in ma ya zama dutsen, to ya rushe maganarka ne, don ya nuna dabbar ta mutu tun zamanin da ba a iya ƙirgawa da kakanni.

Amma akwai inda zan tsaya maka. Tsakanin Agadas da Ingal a Nijar, Buzaye sun daɗe suna ganin manyan ƙasusuwa a fili, iska ta yaye yashi ta bar su. A labaransu akwai wata ƙatuwar halitta da suke kira Jobar, suka ce nata ne. Da wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, da tawagarsa suka tono su a 1997, sai ga wata dabba mai dogon wuya, mai cin ganye, tsawonta wajen mita 18. A 1999 suka sa mata suna Jobaria, don girmama wancan labari. Ka ga a nan mutane ba su ga dabbar da rai ba, ƙashi suka gani, hankali ya nemi mai shi, labari ya ba shi suna. A Gadufawa cikin hamadar Tenere kuma an tono wani kada, Sarcosuchus, kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihi na Yamai ya ga irin ƙasusuwan nan a tsaye. Makiyayin da ya yi tuntuɓe da wannan kai shekara 500 da suka wuce, me zai faɗa in ya koma gida? Gidanku ma haka aka yi, ƙashi ya zo hannun wanda ba masunci ba, ya ga bai yi kama da na saniya ko na raƙumi ba, aka ce na dodo ne.

Aminu, Zuru: Ni abin da ya tsaya mini a rai miliyoyin shekarun nan da kuke ta jerowa. Wa ya ƙirga? Kuma anya bai ci karo da addini ba? Allah gafarta Malam yana nan, ya yi shiru.

Kabiru mai burtsatse, Gwandu: Ba ƙirgen baki ba ne Aminu. Akwai ma'adinai irin su yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit, da ke rikiɗa a hankali su koma dalma, a kan ma'aunin da aka auna aka sani kuma ba ya canzawa. In aka sami tokar dutse mai aman wuta a tsakanin shimfiɗun ƙasa, sai a auna nawa ya rikiɗa nawa ya rage, a fitar da shekarunta. Daga nan shimfiɗar da ke ɗauke da irin halittu ɗaya a wata ƙasa an san sa'arta ce.

Malam Umaru, Jega: Ina biye da ku, na bari ne masu fanni su gama. Aminu, Alƙur'ani bai yanke wa duniya adadin shekaru ba, kuma a Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah ya fara halitta. Wanda ya duƙa yana karanta dutsen Kalambaina bai fita daga wannan umarni ba. A Suratun Nahl kuma, bayan an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, aka ce yana halittar abin da ba ku sani ba. Don haka ba mu da ikon cewa mun gama sanin abin da ke cikin ruwa.

Amma ɗana Bashar, a rarrabe abu biyu. Aljanu gaskiya ne, sura guda ke ɗauke da sunansu, wannan gaibu ne, da nassi muka san shi. Kai kuwa da'awar dabba ka yi, mai nama da jini da haƙarƙari. Ita wannan da gani ake tabbatar da ita. Ka tuna rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, Allah ya ƙara masa yarda, da yunwa ta kama su a gaɓar teku har suna cin ganye, sai teku ya jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira Anbar. Hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Mutum 300 suka yi kwanaki suna ci, wata ruwaya ta ce rabin wata. Abu Ubaida ya sa aka kafa haƙarƙarinta, mahayi ya wuce ta ƙarƙashi a kan raƙumi. Suka kuma kai ragowar naman Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ci. Dubi yadda suka yi da abin mamaki: suka auna, suka ƙirga, suka kawo shaida. Irin dabbobin nan har yau teku na jefo su gaɓa. Babbar dabba ba ta rayuwa ta mutu ba ta bar alama ba.

Bashar, Ngaski: Na gode Allah gafarta Malam. Batun ƙashi na sassauta, tunda Baba ya gane shi. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Jiragen da ke kifewa a ruwanmu fa, wani lokaci ba iska ba hadari? Mutane na cewa wani abu ne ke bugun jirgin daga ƙasa.

Nura, Yauri: Bashar, wannan ni zan amsa, ba Baba ba, kuma ka yi haƙuri in na yi zafi. Wannan maganar ce ba na so a zauren nan. Kai ɗan Ngaski ne, ka fi ni sanin abin da ya faru kusa da Warra a watan Mayu na 2021, jirgi ɗauke da mutane fiye da 150, 'yan kaɗan suka fita da rai. Jirgin katako ne aka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ya rabe a tsakiyar ruwa. Mu da ke bakin ruwa mun san masu kifar da jirgi: lodin mutane a kan buhuna a kan babura, katakon da ya ruɓe ana toshe shi da tsumma, tafiyar dare ba fitila, ba rigar kariya ko ɗaya. Abin da ke bugu daga ƙasa kuma akwai shi, kututturan itatuwan da ruwan Kainji ya shanye ne, suna nan tsaye, in ruwa ya ja baya suna dab da sama ba ka ganinsu. Dorina ma na yi, musamman mai ɗa, wannan kowa ya sani. Duk ranar da muka ce dodo ne, mun wanke mai jirgin da ya karɓi kuɗin mutum 100 a jirgin mutum 50, mun wanke wanda aikinsa ne ya hana shi tashi. Gobe ya sake lodawa. Marayun da aka bari ba su ci wannan daga gare mu ba.

Bashar, Ngaski: Wallahi ban nufi haka ba Nura. Akwai waɗanda na sani a cikin jirgin nan. Allah ya jiƙansu. Na janye wannan.

Hajiya Kulu, Argungu: Amin ya Allah. Ni tambaya gare ni ga Baba. Mu nan Matan Fada, ranar su, wato bikin kamun kifi, dubban mutane ke faɗawa ruwa da homa da gora, a birkice kogin tun daga sama har ƙasa, abin da ya fi girma da ake fitowa da shi giwan ruwa ne. Na 2020 da ya ci gasa kilo 78 ne. Ba a taɓa fito da dodo ba. Amma kuma ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aikin ya ba da izini. To Baba, in babu komai a ruwa, wa ake neman izininsa?

Nura, Yauri: Na karanta masa. Ga amsarsa:

"Hajiya ta yi tambaya ta masu hankali. Ni ban ce ba kowa cikin ruwa ba. Na ce wancan ƙashi na ayu na. Dabbar da yaron ga ka hwaɗi, mai bakin kada, ban gan ta ba, ubana bai gan ta ba, kuma da tana nan da mun san kashinta da sawunta da abin da taka ci, don ba dabbar da ka zama ruwa Basarke bai san makwancinta ba. Amma ruwa na da masu shi. Su ba nama ba na, zago ba ya kama su. Akwai gurbin da ubana ya hana ni jefa taru, kuma ban taɓa jefawa ba. Wata shekara da sanyin asuba, ba iska, ina wucewa gefenai, ruwa ya juya da jirgina sau ukku kamar an riƙe shi da hannu, sannan anka sake ni. Malama ta hwaɗa min mi na na wanga."

Malama Hadiza, Birnin Kebbi: Baba, ina gaisuwa. Abin da na sani shi ne, inda ƙasan kogi ya yi rami mai zurfi ko dutse ya tare hanya, ruwan ƙasa na bugun bango ya juyo, ya yi ta kewaya ko da saman ya yi lif. Jirgi ƙarami in ya shiga sai ya juya da shi. Kuma ina ganin hanin da mahaifinku ya yi ya tsare rayuka, ya kuma bar wa kifi wurin da zai hayayyafa ba a taɓa shi.

Nura, Yauri: Baba ya ce: "Na san juyin ruwa, ɗiyata, tun ba a haihe ki ba nika ratsa shi. Na san na dutse, na san na mahaɗa. Wancan ba shi na ba. Na bi wurin sau ɗari kahin ranar da bayanta, lokaci guda, ruwa guda, bai sake yi ba."

Malama Hadiza, Birnin Kebbi: Ban kasance a jirgin ba Baba, ba zan ƙaryata abin da kuka gani ba. Ni dai har yanzu ina ganin ruwan ne, don ƙasan kogi na canzawa, yashi na tafiya, abin da ya yi yau ba lalle ya yi gobe ba. A nan kam mun saɓa.

Malam Umaru, Jega: Saɓanin nan ba laifi. Abin da zan ja kunne a kai guda ne: ko mene ne a gurbin, ba a yi masa yanka, ba a roƙonsa. Mai shiga jirgi ya yi bisimilla ya karanta addu'ar hawa, ya kuma ƙirga mutanen da ke ciki kafin ya zauna.

Hajiya Kulu, Argungu: To ni yanzu hankalina ya koma kan ayun. Ku maza ba ku sani ba, amma duk mai sayar da kayan mata, a kasuwa ko a Facebook, sai ta ce maka tana da man ayu, na asali. Kwalabe ba iyaka. Na daɗe ina tambayar kaina, in duk na gaske ne, ayu nawa ake kashewa? In kuma na ƙarya ne, me matanmu ke sa wa jikinsu? Ni ban taɓa ganin ayu ba, 'ya'yana ma ba su san dabba ba ce, sun ɗauka sunan magani ne.

Malama Hadiza, Birnin Kebbi: Hajiya kin taɓo inda ke mini ciwo. Ayu ciki na wajen shekara guda take yi, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi, ba ta sake haihuwa sai bayan shekara 2 ko fiye. Dabba mai irin wannan haihuwa ba ta jure farauta. Dokar Nijeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta hana kashe shi, kuma tun 2013 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Madatsun ruwa sun raba su, taru na shaƙe su don ba sa iya ɗagowa su sha iska. Yana da wani ɗan'uwa ƙato a tekun arewa mai sanyi, tsakanin Rasha da Alaska, wanda ya kai mita 8. Turawa sun fara ganinsa a 1741. Zuwa 1768 mafarauta sun cinye shi kakaf. Shekara 27. Yau ƙasusuwansa kawai ake nunawa a gidajen tarihi, haƙarƙarinsa masu nauyi, marasa ɓargo, irin na ɗakin kakar Bashar.

Kuma Aminu, ga inda labari da dabba suka haɗu da gaske. Nonon ayu a hammata yake, ƙarƙashin hannuwan iyo, shi ya sa ake kamanta shi da mace. Kolumbus ma, matuƙin jirgin ruwan nan na Turai, a 1493 ya rubuta cewa ya ga matan ruwa 3 a yankin Karibiyan, masana sun tafi a kan cewa dangin ayu ya gani.

Nura, Yauri: Baba ya yi dariya da ya ji na Kolumbus, ya ce ai ba shi kaɗai ba. Ga maganarsa:

"Kakata cewa takai ayu mace ta, amarya. Tana wanka bakin gulbi surukinta ya ɓullo, kunya ta kama ta, ta ɗauki faifai ta ruhe jikinta ta hwaɗa ruwa, ba ta sake hitowa ba. Faifan nan shi na wutsiyar. Duk wanda ya ga wutsiyar ayu ya san dalilin da anka ce haka, da'ira ta, shimhiɗaɗɗa. Shi ya sa ba kowa ka kashe shi ba, sai wanda ya gada, kuma ba a kashe mai ɗa. Ba a ganin ayu da rana sai hanci, ya hito ya hura ya koma. Da dare shika cin burugu, da sahe ka ga guntayen ciyawa bisa ruwa kamar an yanka da lauje, ka san ya kwana nan. In ruwa ya cika har shinkafar fadama shika shiga. Da, duk damina sai mun ga wagga alama. Rabona da ganin hancin ayu da idona, tun Nura na goye."

Ni kuwa shekarata 34.

Bashar, Ngaski: Na kira kakata yanzu na karanta mata duka. Ta ce ita dai haƙarƙarin dodo ta ji ana ce masa kuma haka za ta ci gaba da kiransa, amma ta tuna mahaifinta na da amini Basarke da ke kawo masa kifi daga tsibiri. Ta yarda in ɗauko ƙashin in kai wa Baba ya riƙe da hannunsa, da sharaɗin kada a fasa, kada ya kwana a waje. Nura, in na shigo Yauri ranar kasuwa zan same ku a gida ko a bakin ruwa?

Nura, Yauri: Bakin ruwa, kafin azahar, wajen da ake gyaran taru. Baba ya ce ka naɗo shi a zane, kuma in ka zo zai nuna maka inda burugu ya rage.